DA RARRAFE YARO KAN TASHI

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, domin in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a kan wani abu da ya ke damuna tun ran da muka komo daga gwajin koyarwa. Maganar ita ce ta wasan yara ƙanana, watau guje-guje da tsalle-tsalle da birgima a ƙasa, irin wanda mu manya mu ke kira ɓata lokaci. Ni dai a ganina wannan wasa shi ne makarantar fari ta ɗan Adam, kuma malamin da ya hana shi ya yi wa yaro ɓarna, ko da ya ke da kyakkyawan nufi ya yi. Ba don na fi kowa sani na ɗauki alƙalami ba. Ni kaina na yi wannan kuskure, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa.

An tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, aka ba ni aji ɗaya, yara sun fi 50. Na shiga da zafina, ina so a ce ajina ya fi kowane aji shiru. Yaran kuwa ba su iya zama. Wannan ya karkata, wancan ya hau benci, wani ya shige ƙarƙashin tebur. Sai na yi musu doka, na ce duk ran da aka yi mini surutu ba mai fita tara. Na hana su fita kwana uku a jere. A rana ta uku ajin ya zama kamar kasuwa, har yara biyu suka yi faɗa, ɗaya ya fasa leɓe. Na koma masauki da ciwon kai, ina cewa yaran garin nan ba su da tarbiyya.

Akwai wata yarinya a ajin, shekararta 6, wadda iyayenta suka komo da ita daga birni. Ita kaɗai ce ba ta motsi, saboda haka da fari na ɗauka ita ce ta fi kowa hankali. Amma da na lura sai na ga kullum tana kwance bisa tebur, kanta a kan hannu. In ta riƙe fensir sai ta danne shi har bakinsa ya karye. In ta tashi za ta kawo mini littafi sai ta yi karo da benci, ko ta taka ƙafar wani. Yara suna yi mata dariya, ni kuma na kira ta malalaciya a gaban aji. Har yanzu in na tuna wannan kalma sai kunya ta kama ni. Daga baya na ji labari a birni an sa ta makarantar yara tun tana da shekara 2, makarantar kuwa ɗakuna ne kawai a cikin wani gida, ba ko tsakar gida. A gida kuma ba a barinta ta fita, sai ta zauna gaban talabijin.

Wata rana da yamma na ratsa ta dandali, na tarar da yaran nan nawa suna langa. Kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar, suna bangazar juna, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Yaron da na ce ba shi da natsuwa shi ne ya kayar da uku bai ko tangaɗi ba. Kashegari na fitar da ajin waje, na ce kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ina ƙirga. Yawancinsu sun wuce 20. Yarinyar nan ba ta kai 4 ba ta dafa ƙasa. A nan ne na fara gane cewa abin da ke damunta a jiki ya ke, kuma abu ne wanda sauran suka koya a dandali ba tare da malami ba.

To, bari in faɗi abin da na samu da na koma ga littattafanmu na tarbiyyar yara. An saba koya mana cewa hanyoyin da mutum ke sanin duniya guda 5 ne, gani da ji da shinshina da ɗanɗano da taɓawa. Ashe akwai waɗansu biyu da ba mu cika ambatonsu ba, alhali ba domin su ba da ba wanda zai iya ko zama a kujera.

Na fari yana can cikin kunne, a bayan inda sauti ke shiga. A kowane kunne akwai waɗansu 'yan bututu 3 masu kama da zobe, kowanne yana fuskantar wajensa dabam, kuma cike su ke da ruwa. In ka juya kai, ruwan sai ya ɗan yi jinkiri, ya tura waɗansu 'yan gasu masu laushi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa labari. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi waɗanda ido ba ya gani, su ne ke faɗa wa mutum ina ne sama, ina ne ƙasa, da kuma ko motar da ya shiga ta tashi ko ta tsaya. Kowa ya san wasan da yara kan yi, su yi ta juyi har hajijiya ta kwashe su. Dalilin hajijiyar shi ne, sa'ad da yaro ya tsaya cik, ruwan nan bai tsaya ba tukuna, kamar yadda in ka kaɗa ƙwaryar fura ka ajiye ta za ka ga furar tana ta kewaya. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka har yanzu ana juyi.

Na biyu yana cikin tsoka da gaɓoɓi. Rufe idonka ka ɗaga hannu, za ka san inda hannun ya ke ba sai ka duba ba. Da dare kana iya kai loma baki ko da fitila ta mutu. Abin da ya sa haka, akwai waɗansu 'yan jijiyoyi a cikin tsoka masu auna yadda ta miƙe da yadda ta tsuke, kullum suna kai rahoto. Wani masani Bature na Ingila, Charles Sherrington, shi ya ba wannan abu suna a shekarar 1906. Mu a Hausa sai mu ce sanin jiki. Da shi ne mai daka ta ke sanin ƙarfin da za ta saki taɓarya, da shi kuma yaro ke sanin ƙarfin da zai danna fensir.

Waɗannan biyu suna haɗuwa da ido, su uku su ke riƙe mutum a tsaye, ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya kuma tana daidaita aikinsu. Yaro ƙarami ya fi dogara ga ido. A shekarar 1974 waɗansu masana biyu, Lee da Aronson, suka yi gwaji a Edinbara. Suka shirya ɗaki wanda bangonsa ke iya motsi amma daɓensa yana nan a kafe, suka tsai da yaran da ba su daɗe da fara tafiya ba a ciki. Da aka ɗan matsar da bangon, sai yaran suka yi tangaɗi, waɗansu har suka faɗi, alhali ƙasar da su ke kai ba ta motsa ba. Watau ido ya ruɗe su, domin ba su riga sun koyi amincewa da abin da ƙafa da kunne ke faɗa musu ba. Wannan koyo kuwa yana ɗaukar shekaru, har bayan yaro ya shiga firamare bai gama ba.

Abin tambaya, yaya a ke koyonsa? Ba a koyonsa da baki. Ko ka kwana kana yi wa yaro bayanin yadda a ke tsayuwa, ba zai tsaya ba sai ya gwada ya faɗi. Wata masaniya a Amurka, Karen Adolph, da abokan aikinta sun zauna sun ƙirga takun yara masu wata 12 zuwa 19 suna wasa yadda suka ga dama. A rahotonsu na 2012 sun ce a cikin awa guda yaro kan yi taku 2,368, ya kuma faɗi sau 17, in an kwatanta. Ku duba fa, jama'a. Wane malami ne zai iya ba almajiri aikin da zai maimaita sau dubu biyu a awa guda ba kuka? Yaro da kansa ya ke ba kansa wannan aiki, yana dariya. Kowace faɗuwa gyara ce, kamar yadda mu ke gyara lissafi a allo. Iyakar abin da ya ke nema gare mu shi ne fili da lokaci.

Kada kuma a ce dukan yara tafiyarsu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara a ƙasashe 5, watau Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta fitar da abin da ta samu a 2006. Ta ga yaro mai lafiya yana iya fara zama da kansa tun wajen wata 4 har zuwa wata 9, yana kuma iya fara tafiya tun wajen wata 8 har zuwa kusan wata 18. Akwai ma 'yan kaɗan, kamar 4 cikin 100, da ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, amma suka yi tafiya lafiya lau. Saboda haka uwa kada ta tada hankalinta don ɗan maƙwabciya ya riga nata. Amma reno yana da nasa rabo. A 1976 wani masani, Charles Super, ya ba da labarin abin da ya gani wurin mutanen Kipsigis na ƙasar Kenya. Matansu da gangan su ke koya wa jarirai zama da tafiya, har su kan yi ɗan rami a ƙasa su tokare jariri da zane a ciki. Jariransu kuwa sun riga na Amurka zama da tafiya da wajen wata guda, amma a abin da ba a koya musu ba, kamar rarrafe, ba su riga su ba.

Da na karanta wannan sai na tuna da gida. Ai mu ma haka iyayenmu mata ke yi. Su kan zaunar da jariri su kewaye shi da tsummoki, su kama hannunsa biyu suna yi masa tata, kafinta kuma ya ƙera masa keken katako mai ƙafa uku ya riƙa turawa. Goyo ma kansa makaranta ne, gama uwa tana daka, tana shara, tana sunkuyawa tana miƙewa, jaririn da ke bayanta yana ta koyon riƙe wuya. In ya girma kaɗan sai dandali ya karɓe shi. Maza suna langa da kokawa da alkafura, suna gara taya da kara. Mata suna 'yar gala-gala, a zana gidaje a ƙasa a bi su da ƙafa ɗaya ba a taka zane ba, suna carafke, a jefa dutse sama a kwashe na ƙasa kafin a cafe. A gaɗa kuwa yarinya kan saki jikinta ta faɗa da baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta, ta dira da ƙafafunta. Ga lilo a reshen itace. Ga ɗaukar tulu a kan gammo daga rafi har gida ba a zubar da ruwa ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya ke bukatar ko sisi, kuma kowannensu horo ne ga ido da kunne da tsoka.

Abin mamaki, manyan malaman da mu ke haddace sunansu domin jarrabawa abin da suka yi ke nan. Froebel na Jamus, wanda a 1840 ya ba makarantarsa suna mai ma'anar lambun yara, da waƙa da wasan zagaye ya ke koyarwa. Mariya Montessori, wadda ta buɗe gidan yara na fari a birnin Rum a 1907, ta kan zana layi a daɓe ta sa yara su bi shi sannu-sannu, diddige na taɓa yatsa, wani lokaci da kofin ruwa a hannu, ko ƙararrawa wadda ba a so ta yi ƙara. Mene ne bambancin wannan da yarinyar da ke bin kunyar gona da ƙwarya a ka? Mun rubuta Montessori a takarda mun ci jarrabawa, sa'an nan mun je ƙauye mun kori yara daga 'yar gala-gala da bulala.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjarsu ba. Na fari su ne iyaye. Uba zai ce, ni karatu na kawo ɗana, in wasa ne ai akwai shi a gida. Gaskiyarsa, kuɗin makaranta ba a tsintarsa a ƙasa. Amma sai mu nuna masa cewa zama a benci shi ma aiki ne na jiki. Yaron da tsokar bayansa ba ta yi ƙwari ba, rabin hankalinsa yana wajen riƙe kansa, saura kaɗan ne ya rage wa allo. Hannun da zai rubuta baƙi ƙanana kuma daga kafaɗa ya ke samun ƙarfi. Ban ce langa za ta koya wa yaro karatu ba. Karatu sai an koyar da shi, baƙi bayan baƙi. Abin da na ke cewa shi ne, yaron da ya fita ya yi gudu ya komo ya fi sauraro, kuma wannan na gani da idona bayan na janye dokata.

Na biyu su ne masu tsoron rauni. Babban malamin makarantar da na je ya ce mini, in yaro ya karye wa za a kama? Wannan ma abin dubawa ne. Wajibinmu ne mu share fili, mu kwashe fasassun kwalabe da ƙusoshi, mu rufe bakin rijiya, malami kuma ya tsaya a wurin yana lura. Amma ƙujewar gwiwa ba ita ce karaya ba. Yaron da bai taɓa faɗuwa daga kan ɗan dutse ba, shi ne ba zai san yadda zai tare da hannu ba ran da ya faɗo daga babba.

Na uku su ne masu cewa yaran ƙauye ai wasa ya ishe su. Da yawansu haka ne. Amma ba dukanmu ne za a tura ƙauye ba. A garuruwa irin su Jos da Kaduna da Abuja akwai makarantun yara da yawa waɗanda ba su da filin wasa, yaro kuma a kan babur ko a mota a ke kai shi, a komo da shi, a miƙa masa waya don ya yi shiru. A ƙauyen ma, yarinya mai shekara 7 sau da yawa tana fama da goyon ƙane ko talla sa'ad da maza ke dandali. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 1 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 na motsi kowace rana, watau awa 3, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Ta ce ɗan shekara 1 kada a ajiye shi gaban talabijin ko waya sam, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda. Tsarin ilmi na ƙasarmu ma ya ce da wasa za a koyar da yaran da ba su kai shiga firamare ba. Kowa ya auna makarantar da ya sani da wannan ma'auni.

To, me za mu yi, mu da ba mu da kuɗi ba mu da iko? Abu na fari, kada mu ƙara hana yara fita tara da sunan horo. Abu na biyu, a ƙananan azuzuwa kada mu bar yara zaune fiye da minti 20 ko 30 ba mu tashe su sun miƙe ba, ko da a cikin aji ne. Abu na uku, mu yi aiki da abin da ke hannunmu. Toka ta isa zana layi. Tsohuwar taya, da gungumen itace, da igiya, da gwangwani cike da yashi, duk kayan aiki ne. A sa yara su bi layi gaba da baya, su tsallake igiya, su rarrafa ƙarƙashin benci, su tsaya da ƙafa ɗaya ido a buɗe, sa'an nan ido a rufe. A koya musu dama da hagu, sama da ƙasa, gaba da baya da jikinsu, tun kafin a nuna musu a takarda. Abu na huɗu, mu tambayi yaran wasannin garinsu, gama kowace kabila tana da nata, kuma sun fi mu saninsu. Kada kuma mu bar yaro mai lalurar ƙafa ko makaho a gindin itace yana tsaron takalma, a nema masa abin da zai iya.

Abu na ƙarshe shi ne mu buɗe ido. Likitoci sun ce kamar yara 5 ko 6 cikin 100 suna da wahalar sarrafa jiki wadda ba ta rasa wasa ba ce, haka aka haife su, kuma hankalinsu lafiya lau. Ciwon kunne ma yana iya sa yaro tangaɗi. In malami ya ga yaro yana yawan faɗuwa fiye da tsararsa, ko abin da ya iya a da ya kuɓuce masa, ya gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Zagi ba zai warkar da shi ba.

Yarinyar nan tawa, na yi mako 6 ina fitar da ajin kowace safiya muna bin layin toka. Na roƙi 'yan mata biyu su riƙa jan ta cikin 'yar gala-gala. Kafin in bar garin ta kai ƙirga 12 da ƙafa ɗaya. Karatunta yana nan yadda ya ke, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ta daina ɓuya a aji lokacin tara, kuma ran da zan tafi na gan ta da gwiwa a ƙuje, ƙura har gira, tana gardama da wata a kan wa ya taka zane. Na kira ta na ba ta haƙuri a kan kalmar da na faɗa mata. Ba ta ma tuna ba, ni ne na ke tunawa.

Iyakar maganata ke nan. Ina roƙon 'yan'uwana da za su fita gwajin koyarwa a zango mai zuwa, kowa ya gwada wannan a ajinsa ko na mako 2 ne, sa'an nan ya rubuto wa Edita abin da ya gani. Wanda ya ga na yi kuskure a wani wuri, ya gyara mini, zan karɓa da godiya.